Jaje ba ya tambayar ƙabila

Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da karatu. Saƙonki ya same ni bayan sallar isha'i, na karanta shi sau biyu, na kwana da shi kafin na ɗauki alƙalami. Kin ce majalisar ɗaliban digiri na biyu da na uku, inda suka zaɓe ki wakiliyar ɗalibai baƙi, za ta fitar da sanarwa ta kuma shirya zaman juyayi saboda mutum takwas da aka harbe a birnin Atlanta na Amurka ranar 16 ga Maris, 2021, shida daga cikinsu mata 'yan asalin Asiya. Kin tambaye ni ko a al'adarmu ana yi wa wanda ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba jaje da gaisuwa, da abin da ake faɗa, da ko za ki riƙe kyandir kamar yadda suke yi. Kin kuma ce wasu 'yan'uwanmu na Afirka sun ce miki baƙo raɓa ne, ki yi abin da ya kai ki, kuma ki tuna abin da aka yi mana a birnin Guwanju na ƙasar Sin bara.

Ki je. Wannan ba shi da wuyar amsawa. Yadda za ki je ne ke buƙatar dogon zance.

Da farko ki rarrabe abubuwan, domin yaran yanzu kuna haɗa su. Gaisuwar mutuwa daban, jaje daban. Gaisuwa ta mamaci ce, ana yi wa iyalansa. Jaje kuwa na rayayye ne da wani abu ya faɗa masa: gobara, ɓarayi, hatsarin mota, ambaliya, ko tsoro da ya shiga gidansa. Waɗanda aka kashe a Atlanta iyalansu na can nesa da ke, ba ki san su ba. Amma yarinyar nan 'yar Koriya da kika ce tun watanni ba ta iya fita sayen cefane ita kaɗai, da ɗan Sin ɗin da aka tofa wa yawu a tashar bas, waɗannan jaje ne haƙƙinsu a kanki. Ni tunda nake ban taɓa ganin an tsaya a ƙofar wanda gidansa ya ƙone ana tambayarsa alƙiblarsa ba. In wuta ta tashi a Sabon Gari ko a kasuwa, wanda ya zo da bokiti shi ne ɗan'uwa a ranar.

Ta fuskar addini kuwa, kin san hadisin da ke cikin Buhari da Muslim: an wuce da gawa, Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne? Kin kuma san Hilful Fudul, alƙawarin da manyan Makka suka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'an saboda wani baƙon ɗan kasuwa daga Yaman da aka cinye wa dukiya, ba shi da dangi a garin da za su tsaya masa. Annabi ya halarta yana matashi, bayan annabci ma ya ce da za a kira shi zuwa irinsa zai amsa. To majalisarku, in ta tsaya wa wanda ba shi da kowa, wane suna za ki ba ta?

Abin da za ki faɗa kaɗan ne. Ki ce kin ji abin da ya faru, ya dame ki, Allah ya ba su haƙuri, ya tsare gaba. Addu'ar gafara da rahama da muke yi wa mamacinmu musulmi ki bar ta a muhallinta. Kyandir kuma, ni dai a zamana a can ban riƙe ba, ba kuma wanda ya taɓa kallona da shi. Mafi yawansu ba ibada suke nufi ba, alamar juyayi ce kawai, amma tunda zuciyarki ta yi shakka har kika tambaya, ki bar shi. Ki tsaya tare da su, in an yi shiru ki yi shiru. Hannunki ki cika shi da abin da muka gada, wato abinci. A wurinmu gidan makoki ba a ɗora tukunya, maƙwabta ke kawowa. Ki dafa abin da ba yaji da yawa, ki rubuta abin da ke ciki, ki kai wa waɗanda suka yi kwanaki suna kai-kawon shirya taron ba su ci na kirki ba.

Yanzu batun Guwanju. Ba ƙarya suka yi ba. A watan Afrilun 2020 an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a birnin, an tilasta musu gwajin korona da killacewa, wasu sun kwana a titi da jakunkunansu, har kakakin majalisar wakilan Najeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa bidiyon. Akwai 'yan Kantin Kwari da nake zama da su waɗanda garin ya zame musu kamar gida na biyu, na ga yadda abin ya ci musu rai. Ni ma ya ci mini. Amma ki tambayi masu wannan magana: a cikin matan nan shida, huɗu 'yan asalin Koriya ne, ɗaya ta haura shekara 70 tana aiki. Wace ce a cikinsu ta kori ɗan Najeriya daga ɗaki? Dattijon nan ɗan Tailan mai shekara 84 da aka ture a San Faransisko a watan Janairu ya mutu, me ya haɗa shi da hukumar Guwanju? Wanda ya kore mu a can cewa ya yi duk baƙar fata ɗaya ne, su ke ɗauke da cutar. Wanda ya tofa wa abokin karatunki yawu cewa ya yi duk mai irin wannan fuskar ɗaya ne, su suka kawo cutar. In muka ce ba ruwanmu da su saboda Guwanju, lissafin mutanen nan biyu muka ara. Kuma ko bashi kike bin mutum, ba a tambayarsa a zaman makoki. Zancen wariyar da ake yi mana, a can da ma cikin jami'arku, ki ajiye shi da kyau, ki kawo shi gaban majalisa a ranarsa. Za su fi sauraronki in sun tuna fuskarki a ranar da suke kuka.

Akwai abin da mahaifiyarki ba za ta iya ba ki labarinsa ba, domin a goye aka fito da ita. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Ina da shekara 14, a Kumasi aka haife ni, ban san wani gari ba. Kakanki ya yi shekaru yana fataucin goro, sai ga shi dare ɗaya mun zama mu ne muka hana 'yan ƙasa aiki da kasuwa. Mutanen da muke gaisawa kullum suka riƙa zuwa suna taya kayan ɗakinmu da kuɗin da bai kai na tabarma ba. Akwai wata mata Ba'ashantiya, kirista, mai sayar da kifi a bakin layinmu. Daren da za mu tashi ta shigo da ƙwarya cike da dokunu da soyayyen kifi, ta zauna a ƙasa kusa da kakarki, takwararki. Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba. Ba ta ce komai ba, ta dai kama ɗaure kaya. Keken ɗinkin Inna bai shiga motar ba, ta ɗora shi a kanta ta tafi da shi. Bayan shekara biyu wani direba ya sauke mana shi a Fagge, an naɗe shi da buhu, an shafa masa mai. Ta kasa hana gwamnati korarmu, amma har Inna ta koma ga Allah ba ta daina ambatonta ba. Mu kuma da muka samu dama a 1983, zamanin Shagari, muka yi wa 'yan Gana irin abin da aka yi mana. Wannan ya isa ya nuna miki ba wata al'umma da ta fi ƙarfin wannan ciwo.

Da na je Amurka karatu, a shekarata ta farko aka kashe Vincent Chin a Detroit, watan Yunin 1982, ana saura kwanaki kaɗan bikinsa. Ɗan asalin Sin ne mai shekara 27. Wasu fararen fata biyu masu alaƙa da masana'antar mota suka buge shi da sandar wasan ƙwallo, a lokacin da ake zargin motocin Japan da raba mutane da ayyukansu. Ba ma Bajapane ba ne. Alƙali ya ci su tarar dala 3,000 kowanne, ba wanda ya shiga kurkuku. A gidajen ɗalibai masu iyali inda muke zaune, maƙwabcina ɗan Taiwan ne. Ranar da labarin hukuncin ya fito na same shi a ɗakin wanki yana riƙe da jarida, injin ya gama juyawa tuni bai sani ba. Na gaishe shi, na kwashe kayana, na fita. Cewa na yi ni baƙo ne, karatu ya kawo ni. Shekara kusan 40 ke nan, har yau in na tuna sai na ji nauyi, domin na ga abin da matar Kumasi ta yi da idona, na kuma kasa yin ko rabinsa. Shi ya sa da kika ce an ce miki baƙo raɓa ne, na ji kamar muryata ce ta wancan lokaci.

Wannan abu tsoho ne a ƙasar, ba korona ta kawo shi ba. Tun 1882 suka yi dokar hana ma'aikata 'yan Sin shigowa. A 1942 suka kwashe kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan suka tsare a sansanoni, akasarinsu haifaffun ƙasar. Ɗaya daga cikin yaran da aka tsare, Norman Mineta, shi ne ministan sufuri ranar 11 ga Satumban 2001, kuma shi ya gargaɗi kamfanonin jiragen sama kada su ware Larabawa da musulmi saboda kamanninsu. Ke mai yawo da hijabi a filayen jirginsu, kin ci moriyar wannan mutum ko ba ki san sunansa ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A 2014, lokacin Ebola, mu ake gudu.

Sai batun kujerar da suka ba ki, wanda ya fi damuna. Sanarwa ba laifi ba ce, ki sa hannu, amma ki tabbata an ambaci abin da sunansa, an kuma ba ɗaliban Asiya sun karanta kafin ta fita. Sai dai takarda ba ta zuwa jaje, zumunta a ƙafa take. Kin san yadda muke yi: ranar farko gida cike, ranar uku an ragu, bayan bakwai sai na jiki, wanda ya dawo bayan arba'in shi ne mai zumunci. Su ma haka za a yi musu. Nan da wata ɗaya jaridu sun koma wani zance, yarinyar nan kuma tana nan tana fitowa daga ɗakin gwaje-gwaje ƙarfe sha ɗayan dare ita kaɗai. Majalisarku tana da kuɗin da ake cira daga na ɗalibai, tana da kujeru a kwamitoci, tana ganin shugabannin jami'a ido da ido. Ki tambaya ko motar dare tana kaiwa har gidajen ɗalibai masu iyali. Ki tambaya ko a ofishin ba da shawara akwai mai jin yarensu, domin baƙin ciki ba ya fita da kyau a bakin aro. Ki tambaya inda ɗalibi zai kai ƙara in wanda ya ci masa mutunci shi ne malamin da ke duba aikinsa, wanda alawus ɗinsa da bizarsa ke hannunsa. Wata ƙungiya mai suna Stop AAPI Hate ta tattara rahotannin cin zarafin 'yan asalin Asiya kusan 3,800 cikin shekara guda, kuma ke kin san ɗalibi mai biza shi ne na ƙarshe da zai buɗe baki. Haka masu koyar da 'yan aji ɗaya, waɗanda ake yi wa dariyar harshe a takardar tantance malamai, abin da ke ma kin ɗanɗana. Kafin duk wannan, ki zauna da su ki tambaye su abin da suke so. Mai zuwa jaje ba ya tsara wa masu gida yadda za su yi kuka, ba ya kuma karɓe zance ya koma ba da labarin tasa gobarar. Labarin Kumasi na ba ki ne don ke, ba don ki karanta a taron ba.

Gargaɗi ɗaya, domin ni zan amsa wa mahaifiyarki. Ke ma biza gare ki. Taron da jami'a ta san da shi, cikin harabarta, ki je ki tsaya a gaba ma in an buƙata. Wanda ya fita titi da dare ba ki san masu shirya shi ba, ki bar shi, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ki sa takunkumi, ki bar tazara, cutar ba ta tafi ba. 'Yan'uwanmu da suka ce ba za su je ba kada ki yi musu gori, ciwonsu na gaske ne. Ki roƙi mutum ɗaya ko biyu su raka ki ɗaukar kular abinci, sau da yawa wanda ya ƙi zuwa taro ba ya ƙin ɗaukar kaya.

Azumi ya ƙarato, na san kina buɗa-baki ke kaɗai a ɗaki. Ki gayyaci yarinyar nan 'yar Koriya ko sau ɗaya, in an gama ki raka ta har ƙofarta. Keken Inna yana nan a ɗakin gwaggonki, har yanzu yana ɗinki, in kin zo hutu ki tuna mini in nuna miki. Ki rubuto mini yadda zaman ya kasance, da abin da shugabannin jami'ar suka ce game da motar dare. Mutanen gida duk suna gaishe ki.

Naki,
Kawu