Ƙulli bayan kowane lu'ulu'u

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa muke ƙulla zare bayan kowane lu'ulu'u in muna abin hannu, alhali a Kasuwar Barci ana zura duwatsu a zaren roba, a ɗaure baki, a sayar nan take. Jawo kujera ka ji.

Duwatsun da ka gani a can yawancinsu gilashi ne ko roba, gogayya ba ta dame su ba. Shi kuwa lu'ulu'u a cikin kawa yake tasowa, ƙyallinsa shimfiɗa ce kan shimfiɗa, siririya ƙwarai, kuma gilashi ma ya fi shi tauri. Hannun mace ba ya hutawa, daga girki sai ɗaukar yaro sai gaisawa. In babu komai tsakaninsu, kullum suna cin juna ta bakin huda har ƙyallin ya ɓare, kuma in ya ɓare babu mai mayar da shi. Ƙullin nan shi ne ke raba su. Sannan ranar da zare ya tsinke a gidan biki, ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi, ba za a tsuguna ana laluben dukiyar mutane a ƙarƙashin kujeru ba.

Amma fa ƙullin da bai zauna ba, gara babu shi. Zaren siliki muke sa wa, shi kuwa yana miƙewa, don haka ka rataya masa wani abu mai ɗan nauyi ya kwana kafin ka fara. Ka yanko kamar ninki huɗu na tsawon abin hannun, ƙulli yana cin zare. Ka auna wuyan hannun mai kaya, ka ƙara santimita 1.5 zuwa 2. Na mata da yawa kan tsaya wajen santimita 18 har da maɗauri, kuma kada ka manta ƙulle-ƙullen su ma suna ƙara tsawo. Yawancin lu'ulu'un ruwan daɗi da ke shigowa daga Sin suke, hudarsu ba ta cika kai milimita 1 ba, kuma ba duka suke daidai ba. Ka gwada a ƙwaya ɗaya tukuna. In ƙullin ya shige cikin huda, zaren ya yi siriri, ka canja ko ka ninka shi.

To ga inda aikin yake. Ka yi ƙullin sako-sako, kada ka ja. Ka sa bakin basilla a cikin zoben ƙullin, ka jawo shi a hankali har basillar ta jingina da lu'ulu'un. Sai ka ja zaren da ɗaya hannun, basillar tana nan ba ta motsa ba. Sai zoben ya kama bakinta sannan ka zare ta, ka danne ƙullin da farcen babban yatsa. Gaggawar zare basilla ita ke sa ƙulli ya rufe nesa da ƙwaya. In hakan ta faru kada ka wuce, ka kwance da allura, don giɓi ɗaya ido zai fara gani ko da sauran duka sun yi kyau. Kada kuma ka matse da ƙarfin tsiya, abin hannun zai sandare ya ƙi kwanciya.

Wajen maɗauri ƙarfe yana cin siliki, shi ya sa muke zura zaren a ɗan nannaɗaɗɗen wayan nan mai kama da siririn bututu kafin ya kewaya zoben maɗaurin. Ka komo ta cikin ƙwaya biyu ko uku kana ƙullawa, ka ɗiga gam a ƙullin ƙarshe da bakin allura, kada ya taɓa lu'ulu'un.

In Hajiya ta zo karɓa, ka gaya mata ta bari turare da humra su bushe kafin ta sa, ta cire kafin alwala da wanka, ta riƙa goge zufa da ƙyalle mai laushi. In ta ga ƙullin ya yi baƙi ko ƙwayoyin sun fara zamewa, ta kawo mu sake zare. Ɗauko na gwajin nan ka yi min ƙulli goma in gani.