Masaukin da za mu kama wa Alhaji a Sifaniya

Jawo kujera ka zauna, ka bar kwamfutar nan tukuna. Ɗazu muna tsakiyar lissafin tikitin Umara ka ce mini: "Maigida, Alhajin nan da zai kai iyalinsa Sifaniya hutun kwana goma, na duba masauki na ga sunaye barkatai, wani hotel, wani hostal, wani parador, wani apartamento, kuɗin ma ba su yi kusa da juna ba. Wanne zan kama masa?" Gara da ka tambaya kafin ka biya. Ni a shekarata ta biyu a sana'ar nan ban tambayi kowa ba, na kuwa sha kunya.

Wani dattijo ne ɗan kasuwa zai je Madrid. Na ga wani wuri mai suna albergue, araha kamar kyauta, na kama masa ina murna na rage masa kashe kuɗi. Ashe ɗaki ɗaya ne da gadaje masu hawa biyu, mutum takwas, maza da mata, banɗaki na kowa da kowa. A kujera ya kwana. Da ya dawo bai ce mini uffan ba, sai dai daga shi har ƙannensa babu wanda ya sake tako ƙofar shagon nan. Albergue na ɗalibai ne da matasa masu jakar goyo, da kuma Kiristoci masu tattaki a ƙafa zuwa Santiago de Compostela, waɗanda ke nuna ɗan littafin shaidar tafiyarsu a buga musu hatimi, su kwana ɗaya, gari na wayewa su wuce. Ba na magidanci ba ne.

Shi kuwa hostal, kada kamar sunan ta ruɗe ka ka ɗauka ɗakin kwanan 'yan makaranta ne. Ƙaramin otal ne, galibi na iyali ɗaya, wani lokaci hawa ɗaya ko biyu kawai na wani tsohon bene a tsakiyar gari. Ka ƙaddara fatoma ne irin na da, mai sauke fatake a gidansa, ya san inda ake sayar da komai, ya san direban tasin da ba zai cuce ka ba. Ɗakinka naka ne da mukullinka. Ƙasa da shi akwai pensión, ita ce ta fi araha, kuma a can ne aka fi samun banɗaki a waje. A bakin ƙofa za a ga ɗan allo shuɗi, H na otal, Hs na hostal, P na pensión. In ɗan kasuwa ne shi kaɗai, zai fita da safe sai dare, hostal mai tsabta ya ishe shi. Amma abu uku nake bincikawa kafin in saka kobo: banɗakin a cikin ɗaki yake, akwai lif, akwai esi. Kada ka ce ai Turai ce, sanyi ne. A Yuli da Agusta zafin Sebiya da Ƙurɗuba kan haura maki 40, mutumin Sakkwato ma sai ya nemi inuwa.

Taurarin otal, daga ɗaya zuwa biyar, kowane yanki na ƙasar ne ke tsara ƙa'idarsa, kuma abin da suke aunawa shi ne faɗin ɗaki da kayan da aka tanada, ba kirkin ma'aikata ba. Don haka nake karanta abin da waɗanda suka kwana a watan jiya suka rubuta, in bar hotunan da mai otal ya ɗora. Sai zancen abinci. Za ka ga media pensión, wato karin kumallo da abinci ɗaya, ko pensión completa mai sau uku. Ban cika saya wa mutanenmu waɗannan ba. Naman alade shi ne abin alfaharin teburin Sifaniya, har cinyarsa suke ratayewa a shago, ga shi ba sa cin abincin dare sai wajen ƙarfe tara ko goma, lokacin yaran Alhaji sun daɗe da yin barci. Ka biya kuɗin abincin da ba za a ci ba, wa ka yi wa gwaninta?

Parador kam abin so ne. Otal-otal ne na gwamnati, an buɗe na farko a 1928 a tsaunukan Gredos zamanin Sarki Alfonso na 13, yanzu sun haura 90, da yawansu a tsofaffin fadoji da ganuwoyi da gidajen ibada aka yi su. Na Santiago asibitin matafiya ne da aka kafa a 1499. Na Giranada a cikin harabar Alhambra yake, fadar sarakunan Musulmi na ƙarshe a Andalus da suka miƙa garin a 1492. Da yamma 'yan yawon buɗe ido su watse, kai kana nan ciki kana jin ƙarar ruwan lambu. Ɗakunansa kaɗan ne, sai an kama da watanni, kuma akwai tsada. In Alhaji mai son tarihi ne, kwana ɗaya a nan ya fi masa uku a wani dogon bene na gilashi irin wanda ya saba gani a Dubai. Sai dai ka duba taswira, ba duka ne tsofaffin gini ba. Na Ƙurɗuba ginin zamani ne a gefen gari, sai an hau mota kafin a kai tsohon masallacin. Ka kuma gaya masa tun daga nan cewa masallacin coci ne yanzu, ana shiga kallo amma ba a barin a yi salla. In Juma'a ta riske shi a Giranada, akwai babban masallaci a unguwar Albaisin da aka buɗe a 2003, yana fuskantar Alhambra.

Akwai casa rural, gidan ƙauye, amma sai mai hayar mota. Akwai zangon tanti, akwai ma gidajen kogo a Guwadis. Ban taɓa samun wanda ya nema ba.

To, ga Alhaji da Hajiya da yara uku, ni apartamento zan kama a yawancin kwanakin. Ɗakin otal a Turai na mutum biyu ne ko uku, ba su san a ƙara shimfiɗa a ƙasa ba, mutum biyar ɗaki biyu ke nan kowane dare. A apartamento kuwa gida ne sukutum, da falo da kicin da injin wanki. Hajiya ta sayo nama wurin mahautan Maroko, suna nan a Labapiyes ta Madrid da Rabal ta Basalona, ta dafa abin da yara suka sani. Ka ce su saka buta a jaka.

Wahalarsa ita ce babu mai tarbar baƙo. Jirgi ya sauka da asuba, gida kuma ba a shiga sai wajen ƙarfe uku na rana, mukulli yana cikin wani ɗan akwati mai lamba, wayar Alhaji ba ta da intanet. Duk wannan kai za ka warware tun yana Kano. Ka tambayi kuɗin shara da kuɗin ajiya, don ba kullum suke cikin farashin farko ba. Ka nemi lambar lasisin gidan, wanda ba shi da ita ka tsallake. Gwamnatocin can sun matsa, saboda 'yan gari na kukan haya ta gagare su; a 2024 magajin garin Basalona ya sanar cewa zuwa ƙarshen 2028 za a daina ba da irin waɗannan gidaje wajen dubu goma ga 'yan yawon buɗe ido. A yankin Kataloniya da tsibiran Baliyarik akwai harajin kwana da ake karɓa a kan kowane babba, ka faɗa masa kada ya zaci an zambace shi.

Ofishin biza zai so ya ga inda za su kwana kowane dare, da sunayen duka mutum biyar kamar yadda suke a fasfo. Ka kama wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan fi tsada, don ba mu san hukuncin da za su yanke ba. Takardar bogi kuwa ba a yin ta a shagona. In ya ce zai sauka gidan ɗan'uwa, wasiƙar hannu ba ta wadatarwa, sai mai gidan ya je ofishin 'yan sandan can ya karɓo takardar gayyata.

Yanzu ɗauki waya ka kira shi. Ka tambaye shi shekarun yaran, ko Hajiya na iya hawa matattakala, don Albaisin tudu ce da lunguna na duwatsu, da kuma ranar da yake son tashi. In ta faɗo makon Ista ko bikin Afrilu na Sebiya, ka ce masa mu fara da Giranada, kuma ka saya musu tikitin shiga Alhambra a ranar da ka kama ɗakin, da lambar fasfo ɗin kowa.