Yaro mai basira amma karatu ya gagare shi: amsoshin likita kan disleksiya

Likita, ɗana shekararsa 8. In aka ba shi labari sau ɗaya ya riƙe, amma da an ajiye masa littafi sai ya yi ta cankar kalmomi yana tsallake layi. Malaminsa ya ce lalaci ne. Haka ne?

Malama, kada a yi saurin yanke masa wannan hukunci. Abin da kika bayyana ya yi kama da disleksiya, wato wahalar haɗa sautin magana da harafin da ke wakiltarsa. Ba ta da alaƙa da ƙarancin hankali, kuma tana bin jini, don haka ki duba ko akwai wanda ya sha irin wannan wahala a danginki ko na mahaifinsa. Tun 1887 wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, ya raɗa mata suna.

Kafin komai a gwada jinsa da ganinsa. Ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne yakan dushe ji ba tare da ciwo ba, kuma yaron da bai ji sauti sosai ba zai sha wuyar rubuta shi. In waɗannan lafiya lau, sai a kai shi wurin masanin halayyar koyo ko ƙwararren mai gyaran magana da harshe a auna shi.

Ƴata tana magana tiryan-tiryan. Me ya sa aka tura mu wurin mai gyaran magana alhali karatu ne matsalarta?

Malam, tambayarka tana kan hanya. Karatu a kan magana aka gina shi. Kafin yarinya ta karanta "kare", dole kunnenta ya iya tsinka kalmar zuwa gaɓoɓi biyu, ka da re, sannan zuwa sautuka huɗu. A nan ne mafi yawan masu disleksiya suke tuntuɓe, ko da bakinsu ya iya furta kalmar sarai.

Shi ya sa awon farko ba ya tsayawa kan littafi. Za a ce ta maimaita kalmomin ƙirƙira marasa ma'ana, a nuna mata jerin launuka ko lambobi ta faɗi sunayensu da sauri, a ce ta kawo kalmar da ƙarshenta ya yi daidai da wata. Amfanin kalmomin ƙirƙira shi ne ba ta taɓa haddace su ba, to ba halin canka.

Daga nan horo ya fara, kuma da kunne ake farawa. Ta tafa hannu a kowace gaɓa. Ta tura ɗan dutse ɗaya gaba a kowane sauti. A ce mata cire sautin farko na "bara" ki sa na d, ta ce "dara". Sai bayan wannan ya zauna a shigo da haruffa, ɗaya ko biyu a lokaci guda: ta ga harafin, ta faɗi sautinsa, ta zana shi da yatsa a kan yashi ko takarda mai kaushi. Wannan haɗa ido da kunne da hannu shi ne ginshiƙin tsarin Orton-Gillingham, wanda Samuel Orton da Anna Gillingham suka kafa a Amurka a shekarun 1930. Ba a wucewa gaba sai na baya ya kama, kuma littafin da za a ba ta ya zama na haruffan da ta riga ta koya kaɗai.

Inda aka fi ɓata aikin wuri biyu ne. Na farko koyar da sunan harafi a bar sautinsa, sai yarinya ta iya rera haruffa kaf amma ta kasa haɗa uku. Na biyu ce mata "dubi hoton ki canka", wanda ƙara mata ɗabi'ar da ake son rabawa da ita yake yi. Kuma zama na minti 20 zuwa 30 sau huɗu ko biyar a mako ya fi dogon zama ɗaya ranar hutu.

Jikana mai shekara 6 yana juya b da d. An ce in saya masa tabarau mai launi.

Baba, riƙe kuɗinka. Juya haruffa abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7, shi kaɗai ba hujja ba ne. Tabarau mai launi da atisayen ido kuwa bincike bai tabbatar suna gyara disleksiya ba, domin matsalar ba a ido take ba. Abin lura a shekarunsa shi ne ko ya yi jinkirin fara magana, ko yana rikita gaɓoɓin doguwar kalma, ko ba ya iya faɗin sautin da sunansa ya fara da shi. In akwai waɗannan, kada a ce bari ya ƙara girma. Horon da aka fara tsakanin shekara 5 zuwa 7 ya fi saurin kamawa.

Akwai ƙwayar da ake sha? Kuma ana warkewa?

Babu ƙwaya ko allurar disleksiya. Sau da yawa tana zuwa tare da matsalar rashin natsuwa da tara hankali, ita wannan tana da magani, amma natsuwa kaɗai maganin zai ba yaro, ba zai koya masa haɗa baƙi ba.

Disleksiya ba ta gushewa gaba ɗaya. Da horo mai kyau yawancinsu suna karatu daidai, sai dai saurin karatu da ƙa'idar rubutu su ne suka fi daɗewa suna ba da wahala, musamman a Ingilishi, inda haruffa 26 suke ɗauke da sautuka kusan 44. Ku nemi makaranta ta ƙara masa lokaci a jarrabawa, ta daina tsayar da shi karatu gaban aji ba shiri. A gida a riƙa karanta masa littattafan sa'anninsa da baki, ko a kunna masa na sauraro, don kalmominsa su ci gaba da ƙaruwa kafin idonsa ya cim musu.