Matan Wales a fagen kimiyya: me ya sa ba a jin sunansu?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun kimiyyar sinadarai. Duk lokacin da aka ambaci masana kimiyya na Birtaniya, sai in ji 'yan Ingila ko Scotland, kuma galibi maza. Shin yankin Wales bai fitar da mata masana ba ne?

Amsa: Ya fitar da su, ƙanwata, kuma ba kaɗan ba. Abin da ya rufe sunansu shi ne yawancinsu sai da suka bar gida kafin su samu wurin aiki, sai duniya ta lissafa su cikin 'yan Ingila. Wales ƙaramin yanki ne, mutanensa sun ɗan haura miliyan 3, manyan ɗakunan bincike da kuɗin gudanar da su kuwa sun daɗe suna Landan da Cambridge.

Mu fara da Frances Hoggan, wadda aka haifa a Brecon a 1843. A zamaninta ƙofar karatun likita a Birtaniya a rufe take ga mata, don haka ta tafi Jami'ar Zurich a Suwizalan, ta samu digirin likita a 1870. Ita ce mace ta farko 'yar Wales da ta zama likita. Ta buɗe wurin duba marasa lafiya a Landan tare da mijinta George Hoggan, ta kuma yi ta fafutukar a gina wa 'yan matan Wales makarantun sakandare. Fafutukar irin tasu ta yi amfani: dokar ilimi ta 1889 ta samar da makarantu ga maza da mata, sannan da aka kafa Jami'ar Wales a 1893, an rubuta cikin takardar kafa ta cewa mata na da damar karɓar digiri daidai da maza. Cambridge ba ta yarda da haka ba sai 1948.

Wannan jinkiri na Cambridge shi ya faɗa kan Joan Curran, haifaffiyar Swansea a 1916. Ta yi karatun fiziks a can ta kammala, amma ba a ba ta digiri ba saboda mace ce. A yaƙin duniya na biyu ita ta gudanar da gwaje-gwajen wata dabara ta rikita na'urar rada: jirgin sama ya watso siraran ƙyallayen alminiyum, su yi ta yawo cikin iska, na'urar abokan gaba ta ɗauka jirage ne birjik. An fara amfani da dabarar a harin da aka kai birnin Hamburg na Jamus a Yulin 1943. Ba zan ɓoye miki ba, dabarar ta ceci matuƙan jiragen Birtaniya da yawa, amma harin da ta sauƙaƙa ya hallaka dubban fararen hula. Aikin na sirri ne, ga shi mijinta Samuel Curran shi ma sanannen masani ne, sai sunanta ya daɗe a inuwar nasa.

Wadda labarinta ya fi ba ni tausayi ita ce Emily Dix, 'yar ƙauyen Penclawdd, an haife ta a 1904. Kudancin Wales ƙasar kwal ce, ita kuma ta ƙware wajen nazarin burbushin tsirran da suka daskare cikin duwatsun ma'adinai. Da su take gane shekarun kowane hawa na kwal, abin da masu haƙa ke matuƙar buƙata. Tana koyarwa a Kwalejin Bedford ta Landan, bama-baman yaƙi suka lalata da yawa daga cikin takardun bincikenta. Daga baya rashin lafiya ya raba ta da aikin tana da ƙuruciyarta.

Tun da sinadarai kike karantawa, ki riƙe sunan Jean Thomas. A Swansea ta yi digirinta na farko da na dakta, sannan ta koma Cambridge tana binciken yadda zaren DNA, mai ɗauke da bayanan gado, ke naɗewa jikin wasu sunadarai har ya shige cikin ƙwayar halitta. A 2007 ta zama mace ta farko da ta shugabanci Kwalejin St Catharine's ta Jami'ar Cambridge.

Yanzu lamarin ya fara sauyawa, domin ana yin manyan bincike a cikin Wales ɗin kanta. A Jami'ar Cardiff, Julie Williams ta jagoranci tawagar da ta gano, a 2009, wasu ƙwayoyin gado masu alaƙa da cutar mantuwa ta Alzheimer, kuma ta zama babbar mai ba gwamnatin Wales shawara kan kimiyya a 2013. A jami'ar dai, Haley Gomez na nazarin ƙurar da taurari ke fitarwa idan sun fashe. Sauran aiki yana nan a fannonin fiziks da injiniyanci, inda har yau mata ba su da yawa, musamman a kujerun farfesa.