Wa ke sa ido in an tsagaita wuta?

Malam kana tambaya wa ke tabbatar da gwamnati da 'yan tawaye sun cika alkawali bayan an sa hannu. Kwamitin hadin gwiwa ne, sojan gwamnati da wakilan 'yan tawaye da 'yan ba-ruwanmu daga waje, haka aka yi a tsaunukan Nuba na Sudan a 2002.

Amma sharadi shi ne su iya shiga ko'ina su bincika da kansu. Mu nan gabashin Sakkwato wajen Isa da Sabon Birni mun ga sulhu da 'yan bindiga, ba mai sa ido, ba inda talaka zai kai kara, wallahi kowane bangare sai ya ce dayan ne ya fara harbi.