Amsa ga mai tambaya kan jijiyar hannu da na'urar da aka dasa

Malam, Allah ya ba ƙaninka lafiya. Ka ce ya karye a damtse a hatsarin babur, jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu ta tsinke, an ɗinke ta an kuma dasa masa na'urar lantarki, kana son sanin ko yana samun sauƙi.

Fara da duba takardar sallama, wace irin na'ura ce? Yawancin waɗanda ake dasa wa mutane yau na rage zugi ne, ba su tsiro da jijiya. Bugun lantarkin da bincike ya nuna yana hanzarta tsirowa gajere ne, bugu 20 a daƙiƙa na awa ɗaya, lokacin tiyata. Wadda ke narkewa a jiki kuwa, da jami'ar Northwestern ta Amurka ta bayyana a 2018, a kan ɓeraye aka gwada ta. Saboda haka raguwar zugi daban, dawowar jijiya daban.

Jijiya tana tsirowa kusan milimita 1 a rana, wato inci guda a wata, bayan ta yi 'yan makonni ba ta ko motsa ba. Ku sa tef ɗin tela ku auna daga tabon aiki zuwa naman da ke ƙasan gwiwar hannu ta ɓangaren babban yatsa. In santimita 12 ne, kada ku sa ran motsi kafin wata huɗu zuwa biyar.

Duk awon da za ku yi, na'ura a kashe. Sau ɗaya a wata, a ƙwanƙwasa da kan yatsa a hankali bisa hanyar jijiyar, daga ƙasa zuwa sama, har inda zai ji zirr kamar wuta ta ja shi. A ɗiga biro a wurin, a auna nisansa da tabon, a rubuta da kwanan wata. In ɗigon yana gangarowa wajen yatsu, jijiya na tafiya. In ya kafe a kan tabon wata uku a jere, a koma wurin likita.

Ƙarfin nama kuma maki ake ba shi: 0 babu komai, 1 naman na ɗan harbawa, 2 yana motsi in an kwantar da hannun a gefe bisa tebur, 3 yana ɗagawa sama da kansa, 4 yana ture hannunka, 5 lafiya lau. Wuyan hannu ke fara dawowa, sai yatsu, babban yatsa a baya. A nan ake yawan ruɗuwa: in ya dunƙule hannu da ƙarfi, wuyan hannun kan ɗan tashi da kansa, gida ya ɗauki murna, alhali jan igiyoyin nama ne kawai. A gwada da yatsu a sake.

Gwajin EMG, wato awon lantarkin da ke cikin nama, yakan ga dawowar jijiya makonni kafin ido ya gani. Ku tambayi likitocin ƙashi a asibitin koyarwa na Shika inda za a yi shi, a maimaita bayan wata uku. Kada a yi sanya, domin naman da ya shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi babu jijiya da wuya ya farfaɗo, kuma tiyatar gyara tana so a yi ta tun kafin nan.

Ita na'urar, abin da ya fi lalata ta gocewar waya ne. Alamarsa, ya ji wutar ta koma wani wuri, ko sai an ƙara ƙarfinta kafin ya ji. Ja, kumburi, ruwa a bakin yanka ko zazzaɓi, asibiti a ranar. Kada a shiga MRI sai an nuna katin na'urar, a kuma gaya wa masu gashin ƙashi kada su sa masa injin ɗumama nama na diathermy. Mai ɗori kam kada ya taɓa hannun. In na'urar mai caji ce, da halin wutarmu a Zariya, a tanadi sola.

Ya riƙa sa takalmin hannu, wato abin da ke tallafe wuyan hannu, ana lanƙwasa masa kowace gaɓa kullum don kada ta sandare. In yana shan taba ya bari, in da ciwon suga a kula da shi, duka biyun suna rage wa jijiya gudu.