Amsar tambayarka kan kayan gyara a gida

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce tunda ka tare a gidanka kana jin nauyin yawan aron guduma a maƙwabta, kana kuma tambaya ko a al'ada magidanci yakan ajiye kayan gyara, ko kuwa duk abin da ya lalace sai a kira mai sana'ar. To, yakan ajiye, kuma ya kamata kai ma ka ajiye. Aro ba laifi ba ne, amma kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da famfo ya ɓalle da tsakar dare, ƙofar wa za ka buga?

Ba tarkace nake so ka tara ba. Ka fara da guduma mai ƙaho biyu a baya, wadda ke buga ƙusa ta kuma zare ta. Mai nauyin kusan giram 450 ta ishe ka. Sai filaya, da tef ɗin awo mai mita 5, da ƙaramin zarto, da tocila mai aiki.

Sukudireba kuwa, a nan nake so ka natsu. Ka sami mai faɗin baki da mai bakin tauraro, kowanne babba da ƙarami. Yawancin ɓarnar da ake yi a gida daga nan take farawa: mutum ya sa ƙaramin baki a kan babban sukuru, ya yi ta murɗawa yana zamewa har kan ya lashe ya zama rami. Daga nan aikin minti biyu ya koma na yini. In bakin bai zauna daram ba, canza shi. Ka danna da ƙarfi kafin ka juya, dama ɗaurewa, hagu kwancewa. Kuma don Allah kada a taɓa min wuƙa a wannan aikin.

Na ruwa, sifana guda mai buɗewa da tsukewa za ta yi maka aikin da yawa, tare da farin tef ɗin famfo da 'yan washa na roba. Rufe ruwan tukuna. Tef ɗin ana naɗa shi ne ta ɓangaren da za a ɗaure, in ka naɗa ta baya zai warware yayin da kake murɗawa. Kada ka raina ɗigo: famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 11,000 a shekara, alhali sau da yawa washa ce kawai ta cinye.

Ka haɗa su duka a akwati ɗaya, wuri busasshe, inda yara ba sa kaiwa. Ka riƙa goge ƙarafan da ɗan man inji saboda tsatsa. Iyalinka ma ta san inda suke da yadda ake rufe ruwan gidan.

Wuta ce nake ji maka tsoro. Ka ajiye tasta da baƙin tef, amma iyakarka canza ƙwan fitila ko kan filogi. In ya zama dole ka buɗe soket, ka fara gwada tastar a inda ka san akwai wuta, sannan ka kashe babban makunni, ka gwada wurin aikin. In ka ji ƙaurin waya ko ka ga soket ya yi baƙi, ko tukunyar gas tana wari, cire hannunka ka kira wanda ya koyi aikin, ka biya shi haƙƙinsa.

Ka gaishe min da mutanen gidan.